Cokalin da ke Ƙasan Adaka

Da na saurari ɗiyata tun ranar farko, da yaron nan ya rayu? Shekara tara ke nan ina yi wa kaina wannan tambaya. Na yi wa likita ita, bai ba ni amsar da zan riƙe ba. Na kai ta gaban Ubangijina a sujada har na fara jin kunyar maimaitawa. Mutum ɗaya ne ban taɓa yi wa ita ba, shi ne maigidana, Malam, wanda muka yi shekara arba'in da wani abu tare, kuma yau wata bakwai da binne shi. Na fita takaba, amma kuka bai sake ni ba.

Ban iya rubutu ba, na boko ko na ajami. Ɗiyar ƙanwata ce da ke koyarwa a Gusau take sa maganata a takarda. Na ce mata kada ta sa sunan kowa, kuma in na tsaya kuka ta ajiye biro ta jira ni.

Mu mutanen wani ƙauye ne gaba da Nahuce, a ƙasar Bungudu. Malam manomi ne, gero da dawa da ɗan wake, amma ya yi karatu da ƙuruciya, yana da allonsa da tawadarsa. Ni kuma ba ungozoma ba ce ta sana'a, sai dai na haifi tara, shida na raye, hannuna kuma ba ya rawa, don haka in naƙuda ta tashi a unguwarmu ni ake kira. Aikin a rabe yake tsakaninmu. In jariri ya faɗo, Malam zai rubuta ayoyin tsari a allo, ya wanke a wata 'yar ƙwarya, ya zo bakin ƙofa ya yi gyaran murya ya miƙo min. Ni kuma in haɗa da ruwan ɗumi da aka jiƙa dabino a ciki, in ɗura wa jaririn da ƙaramin cokali. Cokalin na shayi ne, mai zanen ganye a mariƙinsa, yayata ta kawo min tsaraba daga Makka. A wajenmu ba a sa jariri a nono sai dakashi ya wuce, wato ruwan nonon farko mai kauri da iyayenmu suka ce yana ɓata ciki. Kwana biyu zuwa uku, ruwan nan da rubutun nan su ne abincinsa. Haka aka yi min, haka na yi wa nawa, haka na yi wa 'ya'yan mutane da ba zan iya lissafawa ba. Wasunsu yanzu su ne ke gaishe ni a hanya da 'ya'yansu a baya.

Ɗiyata ta ƙarshe an aurar da ita Tsafe, wajen wani tela mai haƙuri. Da cikinta na fari ya shiga wata bakwai aka dawo mana da ita goyon ciki, kamar yadda aka saba. Ranar da ta sauko daga mota na riƙe baki. Cikin ya fi ƙarfinta. Fatar ta ja tana ƙyalli, numfashi ma da ƙyar take yi in ta kwanta. Matan unguwa suka samu abin tsokana.

“Wannan ai biyu ne. A faɗa wa tela ya nemi raguna biyu.”

“Wane biyu? Uku dai. Ku ga tana tafiya kamar an ɗora wa jaki buhun gero.”

Ta yi dariya ta rufe fuska. Da muka shiga ɗaki ta ce min a wajen awo an faɗa mata ɗa ɗaya ne, ruwa ne ya yi yawa, kuma an ce ta je Gusau a yi mata hoton ciki, ta haihu a asibiti. Na ce, “Wane ciki ne ba ruwa? Ke ma a ruwa kika zo.” Lokacin hanya ba ta da daɗin bi, kowa na taƙaita tafiya in ba dole ba. Maganar ta mutu a nan.

Ta haihu da hantsi, ana tsakiyar girbin gero. Ban taɓa ganin ruwan haihuwa irin wannan ba. Ya jiƙa tabarma, ya bi ƙasa har bakin ƙofa, sai da aka zuba yashi. Sannan yaron ya faɗo, ɗan ƙarami, namiji, da suma baƙa ƙirin kwance a kansa. Ya yi kuka. Na yanke cibiya, na wanke shi, na naɗe shi a zanena. Abu ɗaya na lura da shi: kumfa a bakinsa, fara, ƙanana-ƙanana kamar ta sabulu. Na goge da bakin zane, ta dawo. Na sake gogewa, ta dawo. Na ce ruwan ciki ya sha, zai fitar.

Malam ya dawo daga gona da ƙaiƙayi a wuyansa, ya yi alwala, ya tsaya bakin ƙofa.

“Miƙo min shi in ga ɓarawon da ya zo ƙwace min mata.”

“Ai ya riga ya ƙwace, Malam. Ka ga sumarsa kuwa? Kai fa sanƙo.”

“Da me zai ciyar da ke? Ko haƙori ɗaya ba shi da shi.”

“Kai saura nawa?”

Ya yi dariya har ya dafa bango. Ya karɓi yaron ya yi masa kiran salla a kunne, ya raɗa masa suna, sunan marigayi mahaifin shi Malam ɗin. Daga nan ya je ya yi rubutu, ya kawo min 'yar ƙwarya. Ya ce, “Ga sadakin angonki, na biya masa, tunda matsiyaci ne.”

Na zauna na ɗora yaron a cinyata, na ɗebo da cokali na yi bisimilla. Ya buɗe baki da kansa. Ruwan na shiga sai ya ƙware. Ya yi tari, ya miƙe, ruwan ya fito ta hanci, leɓɓansa suka koma baƙi-baƙi. Na kifa shi na bubbuga bayansa har ya ja numfashi ya yi kuka. Ban tsorata ba. Jarirai na ƙwarewa. Na ce, “Haɗama gare ka, ango. Yi a hankali.” Da azahar na sake ba shi, haka aka yi. Da la'asar ma haka.

Ɗiyata tana kwance a bayana ta juya fuska bango. A wajenmu mace ba ta nuna ta damu da ɗanta na fari. Ba ta ɗaukarsa a gaban manya, ba ta kiran sunansa, ko kallonsa sai a sace. Kunya ce, kuma ita muke yabo a jikin yarinya. Amma ashe duk kunnenta na kanmu. Bayan ƙwarewar la'asar, da ɗakin ya zama daga ni sai ita, na ji ta ce, can ƙasa-ƙasa:

“Inna, kamar fa ba ya haɗiyewa.”

Na juya na dube ta. Na ce, “Ke! Yau kika haihu har kin fara? Ba ki jin kunya? Ni da na raini tara za ki koya wa ɗura ruwa?”

Ta ja zane ta rufe kanta.

A rubuta wannan yadda na faɗa. Kada a gyara min shi.

Kwana na biyu na ci gaba. Na ga ba ya riƙewa, sai na ce to a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan amma a kai a kai, don kada ƙishirwa ta kama shi. Na faɗa wa Malam angon nawa yana da majina a ƙirji, sai ya ƙara rubuta wasu ayoyin, na waraka, ya kawo safe da yamma. Yana miƙowa, ina ɗurawa. Yaron na ƙwarewa, ina bubbuga baya. Kumfa ba ta tsaya ba. Cikinsa ya fara tashi ya yi tauri, in ka ɗan taɓa sai ka ji kamar ganga. Na yi mamaki, yaron da bai ci komai ba, me ya cika masa ciki?

Kwana na uku muka sa shi a nono. Ya kama da ƙarfi, Allah sarki, yunwa yake ji. Ya ja sau uku, sai ya saki, ya sandare, nono ya fito ta baki da hanci. Wannan karon ya daɗe bai dawo ba. Da ya dawo, ƙirjinsa na kurkur, haƙarƙarinsa na lotsawa ciki duk numfashi, jikinsa da zafi. Matan da suka zo barka suka ce beli ne ya tare masa maƙogwaro, a kira wanzami ya cire. Na ji daɗin wannan magana, don beli abu ne da na sani.

Wanzamin garinmu dattijo ne, shi ya yi wa 'ya'yana duka. Ya zo da zabirarsa, ya zauna a tsakar gida, na miƙa masa yaron. Ya danne harshensa ya leƙa. Ya goge kumfa ya jira, ya ga ta dawo. Ya kara kunnensa a ƙirjin yaron. Sai ya ce in ba shi ruwa a gabansa ya gani. Na ɗebo rabin cokali na ba shi. Da ya ga abin da ya faru, sai ya mai da askarsa cikin zabira.

“Belinsa lafiya lau. Wannan ba aikin aska ba ne.”

“To na mene ne?”

“Ban sani ba, kuma abin da ban sani ba ba na sa masa ƙarfe. Malam!” Ya ɗaga murya zuwa zaure. “Ku ɗauki yaron nan ku kai asibiti. Yau, ba gobe ba.”

Aka aika wa tela a Tsafe. Mu kuma muka bi motar 'yan kasuwa zuwa Bungudu, ni da yaron da uwarsa da Malam. A ƙaramin asibitin can suka dube shi, suka ce abin ya fi su, mu wuce Gusau kada mu tsaya, kuma kada a sake ba shi komai ta baki. Na ce, “Ko ruwa?” Aka ce ko ruwa. Na ji abin ya ɓata min rai. Cokalin yana ƙulle a bakin zanena.

A Gusau aka karɓe shi aka shiga da shi ɗakin jarirai, inda ba a barin maza. Wata nas ce ta fara kula da mu, Kirista, mutuniyar kudu, mai jiki, Hausarta a karye amma tana fita. Ta sa masa robar iska a hanci, ta nemi jijiya a ɗan hannunsa ta ɗaura ƙarin ruwa, ta riƙa zuƙe kumfar da wani ɗan bututu. Daga nan ta ɗauko wata siririyar roba ta zura ta hancinsa, ta ce za ta kai har ciki. Robar ta shiga kamar tsawon yatsa biyu, ta tsaya. Ta janye ta sake gwadawa, ta tsaya a wuri ɗaya. Na ga ta ɗago ta dubi abokiyar aikinta. Na haifi tara, na san irin wannan kallo.

Aka ɗauki hoton ƙirjinsa. Washegari da safe likita ya zo, matashi, Bahaushe, mai magana a hankali. Ɗiyata ta gaji ta kifa kai a bakin gadon yaron barci ya ɗauke ta. Tela ya iso, an aike shi karɓo wata takarda. Saboda haka ni aka kira gefe, kusa da taga mai gilasai a jere, rabinsu a buɗe.

Likita ya ce, “Mama, kin iya karatu?”

Na ce a'a.

Ya ce, “Ba komai, zane ne.” Ya ɗauki biro ya ja layi biyu a bayan wata takarda. Ya ce a wuyan kowane mutum hanya biyu ce, ɗaya ta iska mai zuwa huhu, ɗaya ta abinci mai zuwa ciki, suna tafiya kusa da juna amma ba sa haɗuwa. Ya ce a jikin jikana hanyar abinci ba ta kai ba. Ta sauko kaɗan ta toshe, kamar aljihu. Ragowar kuma da ta taso daga ciki, maimakon ta haɗu da 'yar'uwarta, sai ta manne da hanyar iska. Shi ya sa iska ke cika masa ciki. Shi ya sa ko miyansa ba ya haɗiyewa, ita ce kumfar. Tun yana ciki ma ba ya shan ruwan da jarirai ke sha, shi ya sa ya taru wa uwarsa.

Na gane zanen sarai. Na ce, “To abin da ake ba shi, ina yake zuwa?”

Nas ɗin ta dafa kafaɗata.

Ya ce, “In aljihun ya cika, sai ya malalo ya gangara huhu. Me aka ba shi, Mama?”

Na faɗa masa. Ruwan dabino, da rubutu, da nono a kwana na uku. Ya ce sau nawa. Na ce ban ƙirga ba, amma da yawa. Bai yi min faɗa ba. Da ya yi, da ya fi min sauƙi. Ya ce, “Ba ku kuka jawo wannan halitta ba, haka ya zo. Ana yin aiki a raba hanyoyin a haɗa wadda ta katse. Amma huhunsa ya kamu sosai, shi ne abin da ke ba ni tsoro. Kuma masu wannan aikin ba a nan suke ba, sai Zariya ko Sakkwato.”

Na ce, “Likita, tsakaninka da Allah. Da an kawo shi ranar farko, ba a ba shi komai ba, da ya rayu?”

Ya ce, “Da aikin ya fi sauƙi. Wasu na rayuwa, har su girma. Wasu kuma ko an kawo su da wuri ba sa tashi. Allah ne masani, Mama.”

Nas ta ce, “Mama, kar ka yi kuka. Kai ba ka sani ba.” Haka take magana, mace ma ka take ce mata. Ta goge min fuska da tafin hannunta.

Na fito neman Malam. Na same shi can nesa, ƙarƙashin wata bishiya, yana zaune a kan takalmansa da carbi a hannu. Kafin in isa gare shi na riga na yanke shawara. Mutumin nan bai taɓa karɓar ko ƙwayar gero ba a kan rubutun jarirai. Yana yi ne don Allah, kuma duk ƙauyen shi ne abin da ake girmama shi da shi. Yaya zan ce masa ayoyin da ya rubuta da hannunsa, safe da yamma, su na yi ta zubawa a huhun mai sunan mahaifinsa?

Ya ce, “Me likita ya ce?”

Na ce, “Ya ce hanyar abincinsa a toshe take, haka aka halicce shi. Sai an kai shi Zariya an yi aiki.”

“Shi ke nan abin da ya ce?”

“Shi ke nan.”

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, “Allah ya sa mu dace.”

Kwana na biyar aka samu mota, aka sa tukunyar iska a ciki. Nas ɗin ta nuna min yadda zan riƙe shi kansa a sama, da yadda zan zuƙe kumfa. Na miƙa hannu zan ɗauke shi, sai ɗiyata ta tare ni. A gaban mijinta, a gaban ubanta, ta ce, “Inna, ba ni ɗana.” Na ba ta.

Hanyar Zariya ta Tsafe take bi. Tana rungume da shi, tana yi masa magana a kunne, tana kiran sunansa, sunan da ba a riga an faɗa wa duniya ba. Ni ina gefe da ɗan bututu a hannu. Da duwatsun Tsafe suka fara bayyana, na ga kumfar ta daina fitowa. Na yi murna na ɗan lokaci, wallahi na yi murna, na ce ko sauƙi ne. Sai na ga hannunsa ya saki bakin mayafinta.

Tela ya ce wa direba ya shiga gari. A garin ubansa aka binne shi kafin la'asar. Malam ne ya yi masa salla. Ragon suna yana ɗaure a tsakar gidan, yana cin harawa, mata na kuka yana kallonsu. Ranar bakwai aka yanka shi aka rabar sadaka.

Ɗiyata ta dawo gidanmu ta ƙarasa wankan jego ba ɗa. Ni nake dafa mata ruwa safe da yamma, ni nake dama mata kunun kanwa, ni na ɗaure mata ƙirji da nono ya cika yana zuba. Kwana arba'in muna ɗaki ɗaya. Ba ta taɓa ce min, “Inna, ai na faɗa miki” ba. Har yau ba ta ce ba. Ni ma ban taɓa faɗa mata abin da likita ya zana min ba, amma ita ba ta buƙatar zane. Ita ce ta fara gani.

Na wanke cokalin na naɗe shi a tsumma, na tura shi can ƙasan adakata, ƙarƙashin zannuwan da ba na ɗaurawa. Ban iya jefar da shi ba, ban iya ganinsa ba. In an zo kirana wajen haihuwa sai in ce ƙafa ke ciwo. Sau ɗaya na je, don maƙwabciya ce ba yadda zan yi. Da aka kawo ruwa za a ɗura wa jaririyar, na riƙe hannun kakarta na ce a bari tukuna a ga ko tana haɗiye miyanta, a sa ta a nonon uwarta. Ta ce, “Yau kuma ke ce da wannan magana? Zaman Gusau na kwana biyu ya mai da ke likita?” Aka yi dariya. Na tashi na dawo gida.

Malam kuma sai ya daina rubutun jarirai. Wanda ya zo nema sai ya ce masa ido ya yi rauni, ba ya ganin bakin alƙalami, amma a kawo yaron ya yi masa addu'a ya tofa. Na yarda da maganar idon. Na riƙa yi masa faɗa ya je a duba shi. Ban taɓa tsayawa na yi tunani ba cewa mutumin da ba ya ganin allo kullum da hantsi yana zaune yana karanta ƙaramin Alƙur'aninsa mai ƙananan baƙaƙe, kuma shi yake zura min zare a allura.

Bayan shekara biyu ɗiyata ta sake haihuwa, mace, a asibiti a Gusau. Na je na zauna a bakin gado tun safe har rana ta yi sanyi, ba abin da nake kallo sai maƙogwaron jaririyar, yana hawa yana sauka tana shan nono. Ɗiyata ta ce, “Inna, tana haɗiyewa.” Na ce, “Na gani.” Muka yi kuka mu biyu, kowa na kallon wani wuri. Malam ya zo ya karɓe ta ya ce ga amaryarsa ta iso, tsohuwa ta tattara kayanta. Ya tofa mata addu'a a ka. Bai kawo ƙwarya ba.

Shekarun nan duka ina ɗauke da abin ni kaɗai, ina ganin ina kare shi. In na gan shi yana dariya da jikokinsa sai in ce, gara ni. In ya tambaye ni me ya sa nake kuka ina tankaɗe, sai in ce gari ne ya shiga min ido. Sau da yawa maganar ta zo bakina, musamman in an yi girbin gero, sai in haɗiye ta. Ina tsoron abu biyu. Ina tsoron ya karaya ya ga laifin hannunsa. Ina kuma tsoron ya dube ni ya ce, to ke da kike ganin yana ƙwarewa, me ya sa ba ki tsaya ba?

Ciwonsa na ajali bai daɗe ba. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi gajere. An kai shi Gusau an dawo da shi da magunguna, ya ce a bar shi a ɗakinsa. Kwana goma sha ɗaya ya yi a kwance. Ranar ƙarshe, Alhamis ce, bayan azahar, 'ya'yan sun fita salla, daga ni sai shi. Leɓɓansa sun bushe sun tsage. Na kawo ruwa a kofi, ya kasa ɗaga kai. Na duba ko'ina ban ga abin da zan ɗiga masa da shi ba sai manyan cokula na abinci. Na tsoma yatsana a ruwan na shafa masa a baki.

Ya buɗe ido ya dube ni. Ya ce, “Tsohuwa.” Haka yake kirana tun ban tsufa ba.

Na ce, “Na'am, Malam.”

Ya yi magana da ƙyar, yana tsayawa yana jan numfashi, sai da na kara kunnena. Bayan wannan ya yi kalmar shahada da 'ya'yansa suka shigo, ya cika kafin la'asar, amma ni bai sake ce min komai ba. Abin da ya ce shi ne:

“Ɗauko ƙaramin cokalin nan na ƙasan adaka ki ba ni ruwa da shi. Ranar nan a Gusau ina tsaye a bayan taga, na ji duk abin da likita ya ce. Ni na rubuta, ni na wanke, ni na miƙo miki. Na yi shiru ne don ina ganin kina so ki rufa min. Ki yafe min da na bar ki da shi ke kaɗai.”